Ƙunshin da Ta Ɗaure Bara

Da matarsa ta shiga kicin, sai ya jawo kwamfutarsu. Ga fayilolin da ta ɗaure a ƙunshi ɗaya cikin kwamfutar bara, ba ta taɓa faɗin abin da ke ciki ba. Zuciyarsa ta ba shi hotunanta ne da abokin aikin nan nata mai yawan kira.

Ya buɗe baƙin allon ba kwamfuta umarni, ya rubuta umarnin kwancewa yadda ya ga tana yi. Sunayen fayiloli suka zubo, babu hoto ko ɗaya.

"Maigida, me ka kwance?" ta tambaya daga bayansa.

"Sirrinki."

Ta leƙa allon, ta ajiye masa shayi a hankali.

"Tsohon kwafin littafinka ne na adana maka. Sunansu ɗaya da sabon, da ka kwance shi ya hau kan sabon ya shafe shi. Ba gobe za ka miƙa ba?"