Ƙwaryar Saude Ba-Ragi

A kakar 1957 na rasa abu biyu: rumfata ta Kwanar Dangora, da sunan da direbobin hanyar Zariya suka san ni da shi, Saude Ba-Ragi. Na samu abu ɗaya, kuma har yau ban ga faɗuwa a cinikin ba.

Shekara uku ke nan da rasuwar mijina Ladan. Ƙosai nake toyawa, ina dafa ƙwan zabi, in zuba a ƙwaryar da na gada wurin uwata, tsohuwar ƙwarya mai zanen ƙadangare a gindi. Direban da ya fi kowa baki bai taɓa cin ragin anini a hannuna ba.

Wata Talata wani mutum ya sauko daga motar Riruwai, akwati mai ƙafa uku a kafaɗa, baƙin ƙyalle a hannu. Ya ce sunansa Sale, mai hoto ne, wani Baturen haƙar kuza ya aiko shi. Wai Baturen ba ya son hoton mutane, na kaya yake so: ƙwarya, ƙwai, albasa, ludayi, a jera a ɗauka, ya rataya a bango.

"Hoton albasa?" in ji Baturiya mai fura, maƙwabciyar rumfata. "Ashe kuzar nan har ƙwaƙwalwa take taɓawa."

Na ce masa ko hoton toka yake so, sisi ne kowace ɗauka. Ya biya bai nemi ragi ba. Na yini ina jin haushin kaina da ban ce sule ba.

Teburina ya daɗe yana ɗingishi. Sale ya duƙa da 'yar wuƙa da guntun itace, kafin in juya ƙosai teburin ya tsaya cak. Sannan ya fara jeri. Ƙwarya a tsakiya, ƙwai uku a gabanta, wai biyu ko huɗu ba sa kyau. Ya kwantar da ludayi, ya tashe shi, ya sake kwantarwa. Ya jira rana ta karkata don inuwa ta faɗi gefe. Sai ya miƙo mini farin mayafi, in tsaya bayan tebur in ware shi, wai yana maido da haske kan ƙwan. Ya cusa kai cikin baƙin ƙyallen, ya daɗe har hannuwana suka yi tsami.

"Ɗan ɗaga kai, Saude," muryarsa ta fito daga ciki. "Inuwarki na taɓa albasa."

Na ce riƙon mayafi taro ne, daban.

Ya riƙa zuwa Talata da Juma'a. Yau barkono, jibi zangarniyar dawa da goro biyar. In na tambayi hotunan, ya ce suna Kano ana wankewa. Baturiya ta taɓa ɗage akwatin da hannu ɗaya za ta yi shara, ta ce faifanta ya fi shi nauyi. Ta kuma tambaye ni wa ya ce albasa na bukatar kwalli, tunda ba na sa shi sai Talata da Juma'a. Na ce ta kula da furarta.

Sati na biyar ya ce Bature na son ƙwaryar kanta. Sule goma. Na ce albarka. Ya dawo da fam ɗaya. Albarka. Magana ta kai har Kiru da Tudun Wada. Direbobi kan tsaya ba don yunwa ba, su leƙo su ce, "Ba-Ragi, nawa ta kai yau?" Fam uku! Ƙwaryar da a kasuwa ko taro ba za a taya ba. Ina tafe ina dariya ni kaɗai, na zuba gishiri sau biyu a ƙullu. Amma ta uwata ce. Akwai kuma abin da ban faɗa wa Baturiya ba: in na sayar, me mutumin zai zo ɗauka ran Talata?

Ranar da ya kai fam biyar, aka kira azahar, ya tafi salla ya bar akwatin a tsaye. Na ce bari in ga ƙwaryar nan yadda Bature ke ganinta, in gane abin da ke cikinta, in ƙara kuɗi. Na tsayar da Baturiya a wurina da mayafin, na cusa kai cikin ƙyallen.

Ba gilashi, ba ƙarfe, ba komai. Katako ne fayau, yana ƙanshin sabuwar sassaƙa, da huda ɗaya a gaba. Na sa ido a hudar. Ban ga ƙwarya ba, ban ga ƙwai ba, ko gefen tebur ban gani ba. Fuskar Baturiya kaɗai, daga goshi zuwa haɓa, daidai inda tawa ta yi wata biyu tana tsayawa.

Da ya dawo ya tarar da ni zaune kan turmi, dariya ta hana ni magana. Ya dubi ƙyallen, ya dubi ƙasa. Sai ya faɗi gaskiya: kafinta ne a Riruwai. Babu wani Bature. Bara ya sayi ƙosaina, ya nemi gyara na kore shi, tun ranar yake neman hanyar da zai tsaya a gabana ba a kore shi ba.

"Fam biyar ɗin tana nan," ya ce a hankali. "In ta yi kaɗan, in ƙara."

Direbobi sun cika rumfar, kowa na jiran albarka. Na ɗauki ƙwaryata na rungume.

"Malam Sale, wannan inda take nan nake. Sadakina fam biyu, sauran ka kai mu Kano ni da ita a ɗauke mu hoto na gaske."