Shushaina da Motar Ƙarƙashin Rumfa

Sau bakwai Shushaina ya canza ruwan bokiti, sau bakwai ruwan yana komawa kamar tawada.

Ranarsa ta farko ke nan a wurin wankin mota. Shekara ashirin da biyu ya yi yana goge takalma a ƙofar ma'aikatu, har sunan sana'ar ya cinye nasa na gaskiya. Sai duniya ta koma takalman roba da na yadi, kasuwa ta mutu murus. Sati uku matarsa ta yi tana zarya gidan yayanta, mai wurin, kafin ya yarda ya ɗauke shi aiki, shi ma da sharaɗi: kuskure ɗaya, a rabu lafiya.

Da safen nan injin feshin ruwa ya ƙi tashi. Yayan ya ɗaure injin a bayan babur zai kai gyara, ya nuna wata mota a ƙarƙashin rumfa da haɓarsa.

"Waccan da ta yi baƙi ƙirin. Da hannu za ka bi ta, a hankali. Mai ita ta ga tashin hankali makon nan, ina so in ta zo ta yi murmushi."

"An gama, Yaya."

Ya fara da gilasai, suka fito tas. Wani ƙauri-ƙauri na tashi daga jikin motar, ya ce a ransa ƙila haka motocin manya ke wari. Shi dai bai taɓa shiga ɗaya ba. Ya koma kan murfin inji, ya dage da soso kamar mai ramuwar gayya. Yana ɗaga hannu ya ga wani tabo fari fat, girman tafin hannunsa.

Ya sha jin direbobi na cewa baƙin fenti ya fi jariri laushin fata, ko tsumma ka ja da ƙarfi sai ya nuna. Shi ga shi bai tsaya a ƙarzanewa ba, ya saɓule fentin gaba ɗaya.

Ya shafa gefen tabon a hankali don ya lallaɓa shi. Tabon ya zama faranti. Ya sake shafawa, ya zama faifai. Duk inda kumfa ta gangara kuma, motar ta soma furfura.

Ya zauna a kan bokiti, ya riƙe kai. Fuskar matarsa ya gani, lokacin da take goge masa rigar aiki da asuba tana waƙa. Ya ga ta yayan kuma, wanda ko a ranar farin ciki dariyarsa ba ta wuce rabin baki.

Daga nan idonsa ya sauka kan tsohon akwatinsa a ƙarƙashin benci. Ba ya iya fita ba tare da shi ba, ko da ba aikin yi. Mota dai bai san ta ba, amma baƙin abu da ya koɗe? Ai nan gidansa ne.

Ya buɗe gwangwanin man takalmi, ya lakato, ya shafa a tabon. Burushi, ɗigon ruwa, tsumma. Kafin ka ce kwabo wurin ya rufe, yana sheƙi. Sai dai an gudu ba a tsira ba: yanzu wurin ya fi sauran motar kyau, ya fito kamar haƙorin zinariya a bakin tsoho. Dole a faɗaɗa.

Gwangwaninsa uku suka ƙare a murfin inji kaɗai. Ya tsallaka titi a guje, ya kwashe duk baƙin man da ke kantin da ke kallonsu. Mai kantin ta bi tulin da kallo, ta bi shi da kallo.

"Malam, wannan takalmi lamba nawa mai shi ke sawa?"

Bai tsaya amsa ba.

Ya bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ya hau benci ya yi rufi, ya durƙusa ya yi ƙasa. Lungun da yatsa ba ya shiga ya bi da tsohon burushin haƙori. Hannunsa ya tuna da kiɗan da ya saba, tsumma na tafiya fat-fat-fat, har ya manta da tsoro ya kama fito. Wani mai wucewa ya tsaya ya gyara hularsa a jikin ƙofa. Zakaran maƙwabta ya hango abokin gaba a ƙofar baya, ya yi ta dambe da shi har ya gaji ya tafi yana ɗingishi.

Da rana ta karkata, motar ta tsaya baƙa wuluk, tana walƙiya kamar takalmin soja ranar fareti. Shushaina ya tura gwangwanaye goma sha tara ƙarƙashin benci, ya rufe da buhu, ya wanke hannu har gwiwa. Baƙin bai fita ba, sai ya ɓoye hannayen a baya.

A lokacin ne tasi ta sauke wata dattijuwa mai tabarau. Ta tako a hankali, ta tsaya gaban motar, ta zagaya ta sau biyu. Daga nesa kuma ga ƙarar babur ɗin yayan tana matsowa.

"Ɗan nan, aikin hannunka ne wannan?"

"Aikina ne, Mama."

"Tubarkalla. Tun da nake ban taɓa ganin wanki irin wannan ba."

Ta yi murmushi. Shushaina ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Har ya fara tsara yadda zai ba matarsa labari.

Dattijuwar ta gyara zaman tabarau, ta waiga dama, ta waiga hagu, sannan ta ce, "To yanzu nuna mini tawa, farar nan da hayaƙin gobarar shagon tayoyi ya turnuƙe shekaranjiya."