Ƙanwata Ta Fito Dishi-dishi

Ina buɗe ambulan ɗin da mai wankin hoto ya miƙo mini, na ƙura wa hoton ido. Ƙanwata, wadda aka taru domin bikin kammala digirinta, ta fito dishi-dishi kamar ana hangenta ta cikin hawaye.

Maigidana mai koya mini ɗaukar hoto ya sha nuna mini yadda ake murza zoben gilashin kyamara: "Abin da ka saita shi zai fito tar, saura duk hazo ne." Ni da zaman aji ya gagare ni, ina zan tsaya wani saiti? Na ce na gane, na ari kyamara.

Baba kuwa tun farko ya kafa sharaɗi. In hoton ya lalace, in bar wannan sana'a ta 'yan zaman banza, in koma shagonsa ɗaukar siminti.

A gida ƙanwata ta fizge hoton. "Yaya, wannan ni ce ko aljana?"

Baba ya karɓa, ya sa tabarau. Ni har na fara jin nauyin buhu a wuyana.

Sai lokacin na lura da abin da na saita. Can bayan ƙanwata, Baba ne ya fito tar: ya karkata hula, ya shanye tumbi, ya turo ƙirji, yana yi wa kyamarar 'yan zaman banza murmushin ango.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi gyaran murya.

"Kai, wannan ana iya wanke shi babba? Irin na rataya a bango?"