Akwalar Marigayi

"Ranka ya daɗe, motar tata ce, ban musa ba," in ji bakaniken, gumi na keto masa. "Amma injin nawa ne. Akwala na janyo daga ƙofar gidanta, ko tashi ba ta yi. Ni na sa mata inji, na yi fenti, na ɗinke kujeru."

"Wa ya sa ka?" in ji alƙali. Nan take ya yanke hukunci: mota ta koma hannun mai ita yadda take, ɓarawo kuma gidan yari.

Bakaniken ya juya ya dubi tsohuwar mai motar. Ita ce fa ya yi wa dariya a gaban mutane, ya ce motar marigayi mijinta sai dai 'yan gwangwan. Ita ce kuma kullum take bi ta garejinsa tana masa sannu da aiki.

"Mama, yaushe kika gane ta?"

"Tun ranar da ka fara kankare fentin, ɗana."

"To me ya hana ki kira 'yan sanda tun lokacin?"

Ta karɓi makullinta, ta jefa a jaka.

"Ai ba ka sa sababbin tayoyi ba tukuna."