Cokalin Maganin Inna

Laraba ta leƙa ɗaki, ta tarar Inna na juye cokalin magani cikin furar Laraba.

Tun daga Wurno Laraba ta taka har Sakkwato ta karɓo kwalbar maganin nan wurin likita Bature. Ya ce ciwon daji ne a nonon Inna, ba ya warkewa, sai dai a rage zafi. Ashe shi ya sa nishin Inna bai ragu ba!

"Inna, don mi? Ke ad da ciwo!"

Inna ta kau da kai. Laraba ɗiyar fari ce, ko sunanta Inna ba ta kamawa don kunya.

"Ke wannan, na ga yadda kike dafe ƙirji wurin daka. Nawa ma haka ya fara."