Sunan da Inna Kande Ba Ta Faɗi

Tun da dusar ƙanƙara ta fara sauka a Zariya aka kafa doka: ba mai fita lokacin sanyi sai ya ci jarrabawar gane hanya. Shi ya sa Inna Kande ta bi mijinta, Malam Tanimu, zuwa filin koyo a bayan ganuwa.

Zulai mai koyarwa ta ce, "Idan iska ta taso, ko tafin hannunku ba za ku gani ba. Kowa ya riƙa kiran abokin tafiyarsa da sunansa."

Inna Kande ta sunkuyar da kai. Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko jikansu da ya ci sunan, Mai Sunan Malam take ce masa.

Suna shiga filin sai iska ta taso, duniya ta yi fari fat. Hannunsa ya suɓuce mata.

"Malam," ta kira. Maza suka amsa ta ko'ina, kowa na zaton da shi ake.

Ta tsaya cik. Ta tuna maƙwabciyarta Dubu, wadda bara aka tsinci gawarta dab da ƙofar gidanta bayan ƙanƙara ta narke.

Ta runtse ido kamar akwai mai ganinta, ta ce, "Tanimu."

"Na'am," ya amsa daga bayan kafaɗarta. Ya lalubo hannunta ya riƙe gam. "Iskar ta yi yawa, Kande, ban ji sosai ba. Sake faɗi."