Kwamfutar da ke Farkawa a Tsakiyar Kogi

Ranar da na je wa malaminmu da shawarar buɗe shagon sa wa tsofaffin kwamfutoci Linux, wata manhaja da ke tafiyar da kwamfuta, na yi ta zuba kamar famfo. Ya bar ni sai da na gaji, sannan ya ce, "Madalla. Amma zauna ka ji wani misali, zai yi maka rana duk lokacin da na'ura ta gagare ka."

Wata mata ce, aikinta tattara waƙoƙin da suke shirin ɓacewa. Ta sami labarin wata tsohuwa a wani tsibirin masunta, ita kaɗai ta rage da waƙoƙin da mata ke rerawa idan mazansu sun daɗe a ruwa. Tsibirin babu lantarki, kwalekwale kuma sai ranar kasuwa yake zuwa. Makirufonta ba ya aiki sai da laftof, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, tata kuwa ta tsufa, in an kashe ta gaba ɗaya ba ta tashi sai an haɗa ta da wuta. Don haka matar ta cika batir, ta rufe murfi na'urar ta yi barci, ta sa ta a jakarta ta saƙi, ta hau ruwa. Da safe ne, kogi ya kwanta luf, furannin bado suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, balbelu na bin gaɓa kamar farin zare. Gyangyaɗi ya ɗauke ta, har ta fara jin waƙoƙin tun kafin a rera su. Da aka isa ta taɓa jaka, sai ta ji ɗumi kamar kaza ta kwanta a kai. Na'urar ta farka a hanya, ta shanye batir tas. Tsohuwa ta shafa ta, ta yi dariya, ta ce, "Jikata, akwatin naki zazzaɓi yake yi? Kai shi gida ya warke, ni ina nan."

Matar ba ta yi dogon tunani ba, ta ɗora laifin a kan Linux, tunda shi ne baƙo a cikin na'urar. Ta goge shi ta sa wani irinsa. Ta sake gogewa. Ta sayi sabon batir. A gida, a kan tebur, na'urar sai ta wuni tana barci kamar jaririn da ya ƙoshi, amma da an hau ruwa sai ta farka. Mai kwalekwale har ya mai da abin tsokana, yana cewa, "Hajiya, mutanen ruwa ne ke kunna ta, su ma suna son kallo." Kasuwa na zuwa tana wucewa, ruwan damina ya fara ja da baya, muryar tsohuwa kuma tana ƙara sirancewa.

Rannan matar ta hana idonta barci. Ta rungume jakar, ta kara kunne. Sun kai tsakiyar kogi, igiyar ruwa ta ɗaga su ta sauke, sai ta ji fankar na'urar ta fara numfashi a ciki. Da ta koma gida ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, maimakon ta goge, ta buɗe kundin da Linux ke rubuta duk abin da ya faru, ta tambaye shi wa ya tashe shi. Ya ce an gaya masa an buɗe murfi. To ai murfi a rufe yake! Ta kai tambayar zauren da masu gina manhajar ke taruwa a intanet, sai wani daga ƙasar da ko sunanta ba ta iya faɗa ba ya ce mata, akwai maganaɗisu kusa da na'urar? Ta dubi jakarta. Maɓallin da ke rufe bakinta maganaɗisu ne. Ashe a jikin murfin laftof akwai ɗan maganaɗisu, da shi na'ura ke gane a rufe take. In kwalekwale ya yi rawa, maɓallin jaka ya matso ya ja baya, sai abin ya rikice. Ita kuwa 'yar manhajar da kamfani ya dasa a can cikin na'urar, wadda masu gyara ke kira bayos, tana da aibi: ko yaya ta ji motsi sai ta yi shelar an buɗe, kuma ba ta sake leƙawa ta tabbatar. Kamar tsohon mai gadi da ke ta da gida duk sanda iska ta kaɗa ƙyaure. Linux dai saƙo aka ba shi, ya gaskata.

Matar ta umarce shi ya daina amsa kiran murfi, ta ɓalle maɓallin jakar. Ranar kasuwa ta isa tsibiri, na'ura sanyi ƙalau. Aka shimfiɗa wa tsohuwa tabarma a bakin ruwa, ta rera abin da ya rage mata da murya kamar zaren gizo. A tsakiyar waƙar da ta fi kowace tsawo sai ta tsaya, ta daɗe tana kallon kogi, ta ce, "Sauran ya bi ruwa, jikata. Da ran da kika fara zuwa ne, da kin same ta duka." Har yau in ka saurari faifan da matar ta naɗa, daga wurin nan ba abin da za ka ji sai ruwa yana taɓa gaɓa.

Malam ya miƙo mini shayi ya ce, "Kafin ka goge, ka tambaya. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa."